Ilimin Tafiyar da Aikin Injiniya: Amana Ce da Ake Koyo

Jawabin da aka gabatar wa matasa a taron tunawa da kafa ƙungiya, a garin Mayahi



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam hankali, Ya hore masa ƙasa da ruwa da rana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayenmu malamai, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Shugabannin ƙungiya, sannunku da ɗawainiya. Ƴan uwana matasa, maza da mata, na nan Mayahi da waɗanda suka taso daga Tasawa da Kanambakashe da Isawan da sauran garuruwa, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan karatun jami'a. Na zaɓi fanni guda wanda ba a cika ambatonsa ba idan ana yi wa yara nasiha, wato ilimin tafiyar da aikin injiniya. Maganar ta fi shafarka, kai ƙanena da ke lise kana shirin bak, da ke ƙanwata da kika riga kika sa ƙafa a jami'a. Amma manomi da ɗan kasuwa da liman ma su saurara, don duk ruwan famfo ɗaya muke sha, kuma ƴaƴanmu aji ɗaya suke zama.

Abin da ido ke gani

Ka hau babur ka zaga ƙauyukanmu, ka ƙetare Gulbin Kaba, ka yi gabas ko arewa. Za ka tarar da shato tsaye, ruwa na zuba, mata sun jera bido suna raha. Ka ƙara gaba kaɗan za ka tarar da wani shaton, shi ma tsaye, da fentinsa, har da allon da aka rubuta sunan wanda ya ba da kuɗi, amma famfo ya bushe, awaki na kwance a inuwarsa, mata sun koma rijiya da guga. Za ka ga ajin lakwal da iskar farkon damina ta yaye wa rufi tun fentinsa bai dushe ba. Za ka ga injin niƙa da aka kawo wa ƙungiyar mata, an rufe shi da buhu saboda ƙarfe guda ɗan ƙarami da ya karye.

In ka tsaya ka tambayi abin da ya faru, da wuya a ce maka injiniya ne bai iya lissafi ba. Abin da za ka ji shi ne: kuɗi sun ƙare aiki bai ƙare ba, inji ya lalace ba a tanadi kuɗin gyara ba, mai kwangila ya tafi, babu takardar da za a riƙe shi da ita, kwamiti ya rabu biyu, yaron da ya san kan injin ya tafi cin rani. Wannan duka ciwon tafiyar da aiki ne. Ciwon yana da magani, kuma ana karantar da maganin a jami'a kamar yadda ake karantar da lissafi.

Mene ne wanga ilimi?

Injiniya yana koyon yadda abu yake aiki: nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, kaurin wayar da wuta za ta bi, ƙarfin injin da zai jawo ruwa daga ƙasa. Ilimin tafiyar da aiki kuwa yana koya masa yadda zai haɗa mutane da kuɗi da kaya da lokaci har abin da ya zana a takarda ya tsaya a ƙasa, ya kuma daɗe yana amfani.

Injiniyoyi ne da kansu suka fara rubuta wannan ilimi, don su abin ya fara ci wa tuwo a ƙwarya. Wani Bafaranshe mai suna Henri Fayol, injiniyan ma'adinai da ya daɗe yana shugabancin babban kamfanin haƙar kwal da narka ƙarfe, ya fitar da littafi a 1916 inda ya kasa aikin shugaba kashi biyar: hangen gaba, shirya mutane da kaya, ba da umarni, daidaita sassan aiki, da bin diddigi. A Amurka kuma, a daidai wannan zamani, injiniya Henry Gantt ya yaɗa wani jadawali mai sauƙi da ke nuna kowane aiki da layi: ranar farawa, ranar gamawa. Har yau da sunansa ake kiran jadawalin, kuma za ka gan shi a manne a ofishin duk wani babban wurin gini.

Abu na farko da malami zai faɗa maka a aji shi ne, kowane aiki yana zaune a kan abu uku: lokaci, kuɗi da inganci. Kamar duwatsun murhu suke. Ka matsa ɗaya, sai sauran biyun sun motsa; ka janye ɗaya, tukunya ta kife. Mai son aiki da gaggawa kuma mai kyau, to ya ƙara kuɗi. Mai son aiki da gaggawa kuma da araha, to ya sani ingancin ne zai biya, don araha ba ta ado.

Kai Musulmi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. Ka tuna ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Tsarin shekara goma sha huɗu ya shimfiɗa wa Masar: bakwai na wadata da za a yi noma a adana hatsi cikin zangarniyarsa, bakwai na fari da za a ci abin da aka adana. Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, siffa biyu ya ambata wa kansa: yana iya tsarewa, kuma yana da sani. Ka riƙe waɗannan biyun, don duk abin da zan faɗa nan gaba a kansu yake tafiya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce ka gama karatu, an danƙa maka aikin samar da ruwa ga wani ƙauye a cikin gundumarmu: rijiyar burtsatse, wadda muka fi sani da foraj, da injin jan ruwa mai aiki da hasken rana, da shato, da famfuna. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don ka ga yadda ake tunani.

Mataki na farko: sanin buƙata

Kafin a taɓa ƙasa, sai a zauna da alƙalami. A ce mutanen ƙauyen 2,000 ne. Ma'aunin da aka saba aiki da shi shi ne lita 20 ga kowane mutum a yini. Ka ga ana buƙatar lita 40,000 kullum. Rana mai ƙarfin da za ta juya inji sosai a ce awa 6 ce a yini, don haka injin sai ya iya jawo kusan lita 7,000 a awa. Wannan lissafin injiniya ne, kuma ɗan aji na biyu a jami'a zai yi shi.

Mai tafiyar da aiki ba ya tsayawa nan. Zai tambaya: shanu da tumaki fa, ina za su sha? Fulani da Buzaye da ke ratsowa da rani fa? Zai tuna cewa jama'ar ƙasarmu na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, wato cikin kimanin shekara 20 adadin yana ninkawa. Wanda ya gina wa mutum 2,000 cif, ya gina wa jiya. Zai kuma je ya zauna da mata, don su ke ɗibar ruwan, su suka san inda famfo zai yi amfani da inda za a yi ta faɗa a kansa. Abin da aka yarda a kai sai a rubuta shi a kundin sharuɗɗa, mai gari da magajin gari da kwamiti da mai kwangila kowa ya san abin da ke ciki. Tun ran gini ran zane.

Mataki na biyu: lokaci

Yanzu sai a jera ayyukan. Haƙa foraj, kwana 10. Gwajin yawan ruwa da gwajin lafiyarsa, kwana 7. Ba za ka sayi inji ba sai ka san zurfin ruwan da yawansa, ba za ka kuma gina shato ba sai ka tabbata ruwan na sha ne. Don haka kwana 17 na farko kowa jiransu yake.

Daga nan aiki ya rabu hanya uku. Hanya ta ɗaya: odar inji da allunan sola har su iso, kwana 45, dasa su kwana 5, jimla da na farko kwana 67. Hanya ta biyu: tushe da ginshiƙan shato kwana 15, jiran kankare ya yi ƙarfi kwana 28, ɗora tanki kwana 4, jimla kwana 64. Hanya ta uku: haƙa rami da shimfiɗa bututu kwana 20, jimla kwana 37.

To, ina tambayarka: wace hanya ce ke riƙe da ranar buɗe famfo? Ta farko ce, mai kwana 67. Ita ake kira hanya mai riƙe da wa'adi, dabarar da injiniyoyi suka fito da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Ka duba abin da ta nuna maka. Masu haƙa ramin bututu suna da rarar kwana 30. Ko ka ƙara musu leburori goma, ba ka matso da ranar buɗewa ko da yini guda ba. Amma takardar odar inji, in ta kwana bakwai a kan teburin wani tana jiran sa hannu, duk aikin ya ja baya da mako guda. Wanda bai yi karatun ga ba, za ka gan shi a bakin rami yana yi wa leburori tsawa, alhali matsalarsa tana cikin aljihun tebur a ofis.

Sannan a ƙasarmu akwai wani jadawali da ya fi na Gantt ƙarfi, shi ne na damina. Da ruwan shuka ya sauka, leburorinka sun tafi gona, kuma suna da gaskiya. Babbar mota mai ɗauke da siminti ta maƙale a hanya. Aikin da ya kamata a gama kafin watan Yuni, in aka yi sakaci da mako biyu, yana iya kaiwa bayan kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: kuɗi

A jami'a za a koya maka rubuta takardar ƙiyasi, wadda ƴan kwangila ke ce wa devi: kowane kaya da yawansa da farashinsa, buhun siminti nawa, ƙarfe nawa, mitar bututu nawa, ladan ma'aikata nawa, kuɗin mota nawa. Za a koya maka ka ware wani kaso, galibi 5 zuwa 10 cikin 100, don abin da ba a zata ba, tunda farashin kaya a kasuwar Maraɗi ba ya jiran kowa. Za a koya maka kada ka biya mai kwangila gaba ɗaya, sai kashi kashi, kowane kashi bayan an auna abin da ya gama. Za a kuma koya maka riƙe wani ɗan kaso na kuɗinsa bayan karɓar aiki ta wucin gadi, har a yi kamar shekara guda ana amfani da abin, a ga ba aibi, sannan a yi karɓa ta ƙarshe a sallame shi.

Wasu za su ce maka: haba, ai wane ɗan uwanmu ne, tare muke salla, takarda ta mece ce? Ka amsa musu da ladabi cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai ta sauka. Rubutu yana tsare zumunci. Rigimar da ke raba ƴan uwa a kan kuɗin masallaci ko na makaranta, mafi yawanta daga "na ce, ka ce" take farawa. Kuɗin jama'a, ko dala ɗaya ce, a yi mata rasit.

Mataki na huɗu: inganci

Nan ne amana take fitowa fili, don nan ne ido ba ya gani. Kankaren da zai ɗauki nauyi, irin na ginshiƙin shato, ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. In an sa buhu 5, ranar buɗewa ba mai ganewa; fenti ɗaya ne, tafi ɗaya ne. Sai bayan shekara uku ko huɗu ginshiƙi ya fara tsagewa, ga tan 20 ko 30 na ruwa a samansa, ga yara na wasa a ƙarƙashi. Simintin Malbaza ne ko na waje, laifin ba nasa ba ne. Malamanmu da ke zaune nan sun fi ni sanin abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar wa masu tauye mudu. Buhun siminti ma mudu ne.

Ilimin tafiyar da aiki ba ya dogara ga kyakkyawan zato kawai, yana kafa hanyar dubawa. Wa zai ƙirga buhunan da aka zuba? Wa zai duba yashin ba ƙasa a cikinsa? Wa zai tabbatar ana yi wa kankare ban ruwa a cikin zafin bazara? Ana ɗibar samfurin kankaren a kai ɗakin gwaji a matse shi, a kwana na 7 da na 28, a ga ƙarfinsa da lamba. Kowane dubawa da sunan mai yinsa da ranar yinsa a rubuce.

Kuma in kana ganin gwajin lafiyar ruwa na kwana bakwai ɓata lokaci ne, ka tambayi mutanen Tibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi. A shekarun 1980 aka ba garin ruwa daga foraj mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Amma akwai sinadarin fuliyor a cikinsa fiye da kima; ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, na Tibiri kuwa ya wuce haka nesa. Aka yi shekaru ana sha. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, ɗaruruwan yara suka nakasa, kafin a tabbatar da tushen abin a ƙarshen shekarun 1990. Injin yana aiki, bututun ba ya yoyo, lissafin ƙarfe daidai yake. Abin da ya kamata a samu shi ne tsarin da ke auna ruwan a kai a kai, da mai karanta sakamakon, da mai ikon cewa a rufe. Waɗannan yaran ƴan jiharmu ne, yau manya ne, suna nan da abin a jikinsu. Allah Ya ba su lada a kan haƙurinsu, mu kuma Ya sa mu ɗauki darasi.

Mataki na biyar: mutane

Za ka fito jami'a kana da shekara 24 ko 25, a ɗora ka a kan magini da ya haife ka, wanda ya fara riƙe cokalin gini tun ba a yi auren mahaifiyarka ba. Yaya za ka yi? Ka gaishe shi da girmamawa, ka ce masa baba, ka tambaye shi halin ƙasar wurin, don ya san abin da littafinka bai faɗa ba. Amma in ya ce buhu biyar ya isa, haka suka saba, ka tsaya a kan bakwai, ka nuna masa dalili a gefe, ba a gaban yaransa ba. Haɗa ladabi da tsayuwa a kan ƙa'ida, wannan shi ne rabin shugabanci.

Ka duba yadda aka haƙa ramin Handaƙ a Madina a shekara ta 5 bayan hijira. Shawarar daga Salmanul Farisi ta fito, mutumin da ya zo daga wata ƙasa da wata dabara, kuma aka saurare shi. Malaman sira sun kawo cewa an kasa aikin, kowane mutum goma aka ba su zira'i arba'in, kowa ya san iyakar rabonsa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana cikin ramin yana ɗaukar ƙasa tare da su, cikin sanyi da yunwa. Aka gama kafin rundunar maƙiya ta iso. Sauraron shawara, raba aiki a fili, shugaba a wurin aiki, da wa'adi da ba ya ɗagawa: ga darasin aji guda cif.

Abu biyu kada ka yi wasa da su a kan ma'aikata. Na ɗaya ladansu, a biya a kan lokaci, don addini ya tsananta a kan jinkirta haƙƙin ɗan ƙwadago, kuma lebura mai yunwa ba ya gina abin kirki. Na biyu ransu. Mai hawa shato ya ɗaura igiyar tsaro, mai shiga rami ya sa hular kwano, a tokare bangon rami in ƙasar rairayi ce irin tamu. In wani ya ce ai ajali ne, ka ce masa gaskiya ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Mataki na shida: bayan an buɗe

Ranar da aka yi guɗa aka buɗe famfo, ranar aikin gaske yake farawa. A nan ne shato mai rai da shato matacce suke rabuwa. Mu koma ga lissafi. Lita 40,000 bido 2,000 ce mai lita 20. In ana sayar da bido dala biyu, wato sefa 10, ana iya samun jika 20 a yini in an sayar duka. Da damina cinikin zai ragu, don haka mai hankali ba ya lissafi da ranar da ta fi kyau. Daga ciki a biya mai tsaron famfo, a sayi ƙananan kayan gyara. A ce kuma inji da na'urar da ke sarrafa masa wuta za su ci miliyan 3 in za a sauya su, kuma ana sa ran su yi shekara 6. Ka raba: 500,000 a shekara, wajen jika 42 a wata. Wannan kuɗin ba riba ba ne, ba na biki ba ne, ba na bashi ba ne ko ga mai gari. A asusu za su zauna da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa karanta wa jama'a lissafi a fili. Sannan a koya wa mutum biyu, ba ɗaya ba, share allunan sola da ƙananan gyare-gyare, a kuma san shagon da ake samun kayan maye a Maraɗi ko Damagaram.

Ƙannena mata, ga abin koyi daga cikinku. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ita ta ɗauki nauyin jawo ruwa daga duwatsu zuwa wuraren aikin hajji a Makka, ta kuma sa aka yi rijiyoyi da tafkuna a hanyar mahajjata daga Kufa. Ta rasu fiye da shekara 1,100 da suka wuce, amma magudanar da ke ɗauke da sunanta ta yi ɗaruruwan shekaru tana shayar da alhazai, saboda an yi ta samun masu yashe ta da gyara ta. Sadaka mai gudana sai da mai kula da ita take gudana.

Ina ake koyo?

Ba sai ka duba nesa ba kafin ka ga wanda ya haɗa kimiyya da riƙon ma'aikata. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo a Tasawa aka haife shi, a 1929. Masanin kimiyyar fiziya ne, ya ƙware a kan makamashin rana tun lokacin da mutane ke ganin abin wasa ne. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda bincike ya fita daga takarda ya zama na'urorin ɗuma ruwa da na girki da hasken rana. Ya kuma riƙe shugabancin jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allunan solar da kuke gani yau a kan rufin shaguna, ɗan ƙasar ga tamu yana cikin waɗanda suka fara hango su. Allah Ya jiƙansa.

Ƙofofin a buɗe suke. A Maraɗi akwai lise na fasaha na Ɗan Kasawa, akwai kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ta fara da cibiyar fasaha ta IUT a 2008 ta zama jami'a a 2010, inda ake koyon gine-gine da lantarki da kanikanci. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni da makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu. A Wagadugu akwai 2iE ta injiniyoyin ruwa da muhalli. Ƙetaren iyaka akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano. Aiki kuma yana jira: matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, madatsar ruwa ta Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 aka sake tayar da aikin a 2019, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Kowane ɗaya yana buƙatar ƴan ƙasa masu iya riƙe jadawali da kasafi, ba masu riƙe shebur kaɗai ba.

Shawarata gare ka

In ka shiga jami'a, za ka ga ɗalibai suna raina darussan tafiyar da aiki da lissafin kuɗi da dokar kwangila da rubuta rahoto, suna cewa makinsu kaɗan ne. Kada ka bi su. Shekara biyar bayan fitarka, waɗannan darussa ne za ka riƙa buɗewa kullum. Ka riƙe lissafi da kyau tun daga lise. Ka koyi kwamfuta, musamman manhajar jadawalin lissafi. Ka iya rubuta rahoto na shafi guda da Faransanci mai tsabta, ka kuma iya bayyana shi da Hausa a gaban mai gari har ya gane. Abdu Mumuni da kansa ya yi kira tun 1964 a koyar da ƴan Afirka da harsunansu. Lokacin hutu ka nemi staj a wurin gini ko da ba biya, ka tafi da ƙaramin littafi kana rubuta abin da ka gani. Littafin kammala karatunka kuma ka yi shi a kan matsalar gida: ruwan wani ƙauye, sanyaya magani a asibitin karkara, sarrafa gyaɗa ko wake.

Iyaye, ku bar ƴan mata su shiga wannan fanni, ku tallafa musu. Ƙungiya kuma, ga abin da za mu iya farawa ba tare da jiran kowa ba: aikinmu na gaba, ko gyaran wurin alwala ne ko katangar maƙabarta, mu yi shi da kundin sharuɗɗa, da devi a rubuce, da jadawali a manne a bangon masallaci, da lissafi a gaban jama'a, mu kuma sa ɗalibanmu na jami'a su riƙe shi in sun zo hutu. Su sami gogewa, mu sami aiki mai kyau.

Ɗan uwa, ranar da za ka sa hannu a takardar karɓar aiki, ka sani shaida ce kake bayarwa, kuma za a tambaye ka a kanta a inda ba mai kwangila ba mai gida. Ka nemi sani don ka iya, ka nemi tsoron Allah don ka tsare.

Allah Ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu riƙon amana. Allah Ya saka wa waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ya gafarta musu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Mayahi da Tasawa da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.